Ina son ɗaga Hilux ɗita in sa mata manyan tayoyi, masu sani ku ba ni shawara

Baban Khalifa, Jalingo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da Hilux ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, giyar hannu, kuma tana da ogzilari. Tayoyin da ke ƙafarta 265/70R16 ne, sun kusa ƙarewa, shi ya sa nake son jin ta bakinku kafin in zuba kuɗi a kan sababbi.

Sana'ata sayen hatsi. Ina shiga ƙauyukan Bali da Gassol in ɗauko masara da shinkafa, wani lokaci kuma in hau Mambila har Gembu. Da rani ba ni da kuka. Matsalar damina ce: tarakta da manyan motoci su bi hanya su haƙa ramuka biyu, su bar tudu a tsakiya. Da zarar na ɗora buhu takwas zuwa goma sai bayan motar ya zauna, in riƙa jin cikinta yana gurzar ƙasa. Wani wurin sai an sauke kaya an tura, a sake lodawa, kuma duk wanda ya tura sai ka sallame shi.

Wani abokina ya ce in ɗaga ta inci uku ko huɗu in sa mata 285/75R16, waɗanda ake kira taya 33 saboda tsayinsu kusan inci 33 ne. Ya ce akwai sipesa da ake ɗaurawa a saman shokozoba, a yini ɗaya an gama, kuma ba tsada. Na ga irinsu a Abuja, gaskiya suna da kwarjini, amma ni ba ado nake nema ba. Motar nan da ita nake ci da iyali.

Inci nawa ya kamata in ɗaga? Sipesar nan tana da aminci ga motar da ke ɗaukar lodi? Kuma injin 2.7 zai ja taya 33 a hawan Mayo Selbe? Allah ya saka da alheri.

Oga Bakanike, Kano

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, ka shiga ƙarƙashin motar da tocila ka nemo inda ƙarfe ya goge yana sheƙi. Wannan shi zai gaya maka abin da kake buƙata, domin gurzar ƙasa iri biyu ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Idan tukunyar aksil ta baya ce ke taɓa tudun, wato ƙullin nan da farfela ke shiga, to ko inci goma ka ɗaga motar ba za ta motsa daga inda take ba. Aksil ɗin baya a kan taya yake zaune, sifirin kuma a kansa. Ɗagawa tana nesanta shasi da bodi daga aksil ne kawai. Abin da ke ɗaga tukunyar daga ƙasa taya ce, ba wani abu ba. Amma idan tsakiyar ciki ne ke gurza, ko safaya da ke rataye a baya, ko ƙarfen ja, to a nan sifirin ne ya gaji, kuma ɗagawa za ta yi maka amfani ƙwarai. Yadda ka ce bayanta na zama da lodi, na fi zaton na biyun ne. Motar 2012 da ta sha buhuna, da wuya ganyen sifirinta bai miƙe ba. Ka duba ta babu kaya: in ganyen ya kwanta sambal ko ya fara lanƙwasa ƙasa, to ka riga ka rasa inci ɗaya ko fiye daga tsayin da kamfani ya ba ta.

Yanzu lissafin taya, don mutane da yawa suna jin 33 sai su ɗauka mota za ta tashi sama sosai. Tayarka ta yanzu, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 777 ne. 285/75R16 kuma kusan 834. Bambancin 57, amma rabinsa ne ke ƙarƙashin aksil, saboda haka abin da za ka samu milimita 28 ne, inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Shi ke nan. Akwai 265/75R16 a tsakani, tsayinta kusan 804, tana ba ka milimita 13.

Me za ka biya kan wannan inci ɗaya? Tayar ta fi taka girma da kashi 7 cikin ɗari, wato kamar an tsawaita maka kowace giya ne da kashi 7. Tashi da lodi zai ƙara cin kuloci. Hawan da kake yi a giya uku zai koma biyu. Maleji zai nuna 100 alhali kana kan 107, kilomitar da yake ƙirgawa ma za ta ragu, sai ka wuce lokacin juyen baƙin mai ba ka sani ba. Injinka 2TR ne, mai haƙuri ne, amma ba shi da turbo, kuma injin da ba turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita ɗari ta hawa saboda iska na raguwa. Saman Mambila ya haura mita 1,500. Ka ga tun kafin ka taɓa taya an zaftare maka kusan kashi 15. Ka ɗora tan guda na masara, ka ƙara taya mai nauyi da tsawo. Zai ja, amma da kuka.

Saukowar ta fi damuna. Babbar taya tana rage riƙon da inji ke yi in ka sa ƙaramar giya, kuma birki sai ya ƙara wahala kafin ya tsayar da ita. Wanda ya san kwanonin da ke tsakanin saman dutsen da Mayo Selbe ya san ba wurin gwaji ba ne.

Batun sipesa kuwa, ga motar aiki ban yarda da ita ba. Gaban Hilux daga 2005 zuwa sama ba aksil ɗaya ba ne, kowace ƙafa da hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa, da shokozoba mai sifirin zagaye. Saboda shokozobar a tsakiyar hannu take ɗaure, sipesa mai kaurin inci ɗaya tana ɗaga gaba kusan ninki biyu. Ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan, tura ƙafar ƙasa kawai take yi. In taya ta faɗa rami, ƙafar za ta sauka fiye da inda aka tsara mata, bal-join na sama ya kai ƙarshensa ya riƙa dukan kansa, shaf ɗin gaba ya karkace, robarsa ta yage, ƙasa ta shiga. A inci biyu kayan kamfani suna jurewa. Daga uku zuwa sama sai ka canza hannun sama, ka sauke tukunyar gaba, ka tsawaita tiyon birki. Mai cewa a yini ɗaya an gama ba ya lissafa waɗannan.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa mutane: ɗagawa ba ta buɗe wa taya wuri. In mota ta dira a rami da lodi, ƙafar za ta koma sama har ta bugi robar tsayawa, daidai inda take kaiwa tun asali. Tayar da ke gogar madigadi kafin ɗagawa za ta goge shi bayan ɗagawa, sai dai ba kullum ba. Kuma lokacin da za ta goga shi ne lokacin da ka karya sitiyari cikin rami, inda ba ka son hakan.

Da motata ce, ga abin da zan yi. Inci biyu, ba ƙari. A gaba shokozoba da sifirin sababbi waɗanda aka yi don wannan tsayin, a baya cikakken ɗaurin ganye na masu ɗaukar nauyi tare da shokozoba mai tsawon da ya dace da sababbin kusoshin da ke ɗaure ganye da aksil, kada a mayar da tsofaffin. Old Man Emu da Ironman duk suna yin na Vigo, wato wannan ƙirar Hilux irin taka, kuma suna raba sifirin baya gwargwadon nauyin da motar ke ɗauka kullum. In kuɗi bai kai ba, a ƙara ganye ɗaya a baya a sa shokozoba mai kyau, ya fi sipesa sau nawa. Kada ka yarda mai walda ya tsawaita maka maratayin sifirin da guntun ƙarfe. Taya kuma 265/75R16.

Ɗan Gwarinpa

Oga, da girmamawa, amma kada a tsorata Alhaji. Ni 33 ce a ƙafar tawa, kuma inda nake wucewa da damina masu ƙaramar taya tsayawa suke. Inci ɗaya a baki ƙarami ne, amma a kan tudun tsakiyar hanya shi ne bambancin wucewa da kwana a daji. Ga faɗin tayar, ga manyan haƙora, in ka rage iska sai ta kama ƙasa sosai.

Sai dai zan faɗi abin da aikin ya ƙunsa, tunda tambaya aka yi. Ɗagawa inci biyu da rabi, da sabon hannun sama. Rim ɗin kamfani bai yi ba, gefen tayar yana taɓa hannun sama, sai da na sa rim mai turo taya waje. Da ta fito waje kuma sai ta fara cin bayan madigadi in an karya kwana, aka cire robar taɓo, aka yanke kunnen shasi da bodi ke zaune a kansa a bayan tayar gaba, aka mayar da faranti aka yi walda. An rage gefen bamba ma. Mai ya ƙaru, wannan babu musu. Tawa dizal ce 3.0.

Oga Bakanike, Kano

Yauwa, ƙanena, ka faɗi gaskiya, kuma jimlarka ta ƙarshe ita ce maganar. Injinka 1KD ne mai turbo, ƙarfin murɗawarsa 343 Nm ne kuma yana ba da shi tun daga juyi 1,400 a minti. Na Alhaji 241 ne, sai ya kai juyi 3,800 kafin ya ba da shi duka. Kai babbar taya ba za ta dame ka ba, shi kuwa a kowane tashi zai ji ta. Sannan kai ba ka ɗora buhu goma.

Yankan kunnen shasi ana yi, in mai waldar ya iya ba laifi. Amma rim mai turo taya waje yana ƙara wa boris ɗin ƙafa nauyi, ga sitiyari ya riƙa fizga a gargada. Motar da ke ɗauke da tan guda a hanyar Gassol ba ta buƙatar ƙarin wannan.

Direban Agadas

Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake, na yi shekaru ina tuƙa kat-kat, wato mota mai ogzilari, a hanyar Agadas zuwa Dirku, kuma a wajenmu Hilux da Land Cruiser su ne ƙafar kowa. Elhaji, kuna ta maganar faɗi, ni tsawo nake so ka duba.

Akwai taya siririya doguwa. A da 7.50R16 muke cewa, wadda Land Cruiser ta aiki ke zuwa da ita, yanzu 'yar'uwarta ita ce 235/85R16. Tsayinta kusan milimita 806, wato daidai da 265/75 ɗin da Oga ya ambata, har ta ɗan fi ta. Amma faɗinta bai kai ba da santimita uku. Saboda haka ba ta neman madigadi, ba ta neman hannun sama, sitiyari ya yi sauƙi, mai ma ba ta sha kamar mai faɗi. Galibinsu na ɗaukar kaya ne, gefensu kauri, za ka ga an rubuta 120/116 a jiki. Lamba 120 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,400, irin taka ta yanzu kuwa yawanci 112 ce, kilo 1,120. Ga mai hatsi wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman a gonar da aka sare itace aka bar kututture.

Mutane na ɗauka sai taya mai faɗi ke tafiya a rairayi. Mu abin da muka sani, iska ake ragewa. In ka sauke ta, tafin tayar tsawo yake ƙarawa gaba da baya fiye da yadda yake buɗewa gefe, kuma doguwar taya ta fi ba da wannan. Taɓo dai ba irin ƙasarmu ba ce, amma inda laka ke sama ƙasa mai tauri na ƙarƙashi, siririya tana yankawa ta taka mai taurin, mai faɗi kuwa sai ta yi ta sulɓi a sama. Inda laka ba ta da gindi, irin ta fadama, a nan mai faɗi ta fi. Kai ka san hanyarka.

Ka duba faɗin rim ɗinka tukuna, inci 6 zuwa 7 take so. Kuma ka sayi famfo mai aiki da batir ka ajiye a mota. Wanda ya rage iska ya hau kwalta da lodi bai mayar ba, tayar za ta yi zafi ta fashe.

Maganar tsayi kuma, ina bayan Oga. Mota in ta tashi sama, nauyinta ya tashi da ita. Buhunan da aka jera suka wuce bakin bodi, ga mota an ɗaga inci huɗu, ga hanya ta karkata gefe, abin da ke kifar da mota ke nan. Allah ya tsare.

Mai Taya, Panteka

Alhaji, ko wacce ka zaɓa, guda biyar za ka saya, ba huɗu ba. Safaya dole ta zo daidai da sauran. In ka sa ogzilari alhali taya ɗaya ta fi sauran gajarta, gaba da baya ba za su juya daidai ba, giyar ce za ta sha wahalar. Ka kuma gwada ka ga sabuwar ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi kafin ka biya.

Manyan tayoyin nan akasari na hannu ake kawowa, haƙora a cike amma shekaru sun ja. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ka duba tsagewa a gindin haƙora da gefe, ka leƙa ciki ko an yi faci. 'Yan Road Safety ma wannan lambar suke dubawa.

Game da zane, tunda daga Jalingo zuwa Bali kwalta kake bi kafin ka sauka, mai AT, wato ta kwalta da ƙasa, ta fi maka, tana yin biyun. MT, wato mai manyan haƙora, ta fi a laka, amma tana da ƙugi a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta kamar AT. Ka tuna da ruwan Mambila.

Baban Khalifa, Jalingo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Oga, na shiga ƙarƙashinta kamar yadda ka ce. Inda ya fi gogewa ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin giya ne, sai safaya da ƙasan ƙarfen ja. Tukunyar baya akwai ɗan karce amma ba sosai ba. Ganyen sifirin kuwa a kwance yake, na hagu ya fi na dama sauka, kuma robar tsayawa duk ta farfashe. Rim ɗina inci 7 ne.

Zan bar 33. Zuciyata ta fi karkata ga 235/85R16 da ɗan'uwanmu na Agadas ya kawo, saboda kututture ya sha yanka mini gefen taya a gonakin Bali. Tambayata ta ƙarshe, Oga: bayan an ɗaura sifirin da shokozoba, akwai abin da zan tsaya a kai in tabbatar an yi kafin in karɓi mota? Motar ba ta da ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa in an taka birki, in hakan na da muhimmanci.

Oga Bakanike, Kano

Yana da muhimmanci ƙwarai, gara da ka faɗa. Hilux marar ABS tana da wani bawul na birki a baya, ɗaure a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya sauko ya kama aksil. Aikinsa auna lodi: in bayan mota ya zauna sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ya tashi sai ya rage don kada tayoyin baya su kulle. Da ka ɗaga baya inci biyu, bawul ɗin zai ɗauka motar ba kaya ko da buhu goma ne a kanta, sai ya bar birkin gaba da aikin shi kaɗai. A gangaren Mambila haka birki ke ɗaukar zafi ya saki. Dole a ɗaga inda ƙarfen ya kama aksil daidai gwargwadon abin da aka ɗaga motar. Ƙaramin faranti ne da kusoshi biyu, amma gareji da yawa suna tsallake shi. Ka tsaya a kai.

Sannan a sa jak a shasi a bar ƙafafun baya su rataya, a duba tiyon birki bai miƙe ya ɗaure ba. Kusoshin bushin, na gaba da na baya, kada a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar tana tsaye a kan tayarta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta mutu da wuri. A yi alaimen na kwamfuta, ba na igiya ba, ka ce a duba kamba da kasta, wato karkatar ƙafar gefe da ta gaba da baya, ba a tsaya ga daidaita bakin taya kawai ba. In ka ji kakkarwa lokacin tashi daga tsaye, boris ɗin tsakiyar farfela ne ke son a ɗan sauke shi da faranti. A saita fitilun gaba, don tsayin motar ya canza. Bayan ka yi kamar kilomita 500, ka koma a sake ɗaure kusoshin ganye da notin taya, sabon sifirin yana zama.

235/85R16 a rim inci 7 ta yi daidai. Maleji zai rage maka kusan kashi 4, in ya nuna 100 kana kusa da 104. Tayar mai tauri ce, in motar ba kaya kada ka bar mai faci ya cika mata gejin lodi, za ta riƙa tsalle a gargada. Kuma sabon sifirin ba ya ƙara nauyin da aksil da birki za su ɗauka, ka duba farantin da ke jikin motar ka ga iyakar da aka rubuta, in buhu goma ya wuce ta ka rage biyu.